Malam, Kada Ka Rataya wa Fiyano Jakar Tsaba

Na karanta maƙalar da wani malaminmu ɗan yammacin Zamfara ya rubuta kwanan baya a kan halin da kiɗan gargajiya ya shiga a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum. Malam ya yi kuka, kuma kukan nasa da dalili. Ya ce yanzu sai a yi biki tun daga kamu har buɗar kai ba a ji muryar kalangu ba, ya ce yaran da aka haifa bayan ƙirƙiro jihar a 1996 da yawansu ba za su bambanta kotso da taushi ba ko da an ajiye su a gabansu. Duk wannan na yarda. Inda muka raba hanya shi ne wajen kama mai laifi. Malam ya tsaya kai da fata cewa fiyano ne ya yi kisan, ya kira shi baƙon Turawa wanda ba ya bukatar wata gwaninta, har ya nemi masarautun nan uku su hana shiga da shi wajen biki da naɗin sarauta. A nan nake ganin an bar jaki ana dukan taiki, kuma da yake Malam mutum ne da ake jin maganarsa, bai kamata a bar ta ta wuce haka ba.

Mu duba shekaru tukuna. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya rasu tun farkon shekarun 1960. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya bi shi a 1973. Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya tafi a 1986, Sa'idu Faru a 1987, Musa Ɗanƙwairo Maradun a 1991. Allah ya jiƙansu. Cikin waɗannan da Malam ya jero sunayensu yana jimami, babu ko ɗaya da ya ga ranar da fiyano ya zama abin yayi a ƙasar Hausa. Turmin Danya, fim ɗin bidiyo na farko da aka yi da Hausa a Kano, a 1990 ya fito. Sai a tsakiyar shekarun 1990 ne sitidiyo irin na Iyan-Tama suka fara aiki da ƙananan fiyanon Yamaha samfurin PSR, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigi ya nuna. Sangaya kuwa, fim ɗin da ya kai wannan sauti har ƙauyukan da ba su da wuta, na 1999 ne, shekarar da Mamman Shata ya kwanta dama. Ƙaramin cikin mazajen can, Sa'idu Faru, an haife shi tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. To, Malam, ina waɗanda aka haifa bayan samun mulkin kai, waɗanda ya kamata a ce suna ganiyarsu a 1990 da kotso a hannu? Wane ne cikinsu ya kamo ƙafar Ɗanƙwairo har fiyano ya zo ya danne shi? Gidajen kiɗan ba su mutu ba, 'ya'yan Ɗanƙwairo da na Sa'idu Faru sun riƙe gado, amma sabon jini ya daina shigowa tun fiyano yana kantin Japan.

Abin da ya tsayar da shi ba ɓoyayye ba ne. Makaɗin fada ba da kuɗin ƙofa yake rayuwa ba, da ubangida yake rayuwa. Ubangida shi ke ba shi gida da gona, ya ɗaura masa aure, ya ɗora shi kan doki, ya tuɓe riga ya yafa masa, in kaka ta yi a sauke masa dammunan gero a ƙofar gida. Kuma ba shi kaɗai ake ciyarwa ba. Bayansa akwai 'yan karɓi da masu kiɗa da sanƙira, ga yara masu ɗaukar kaya, kowa da iyalinsa. Waƙa guda ta Narambaɗa ba a dare ɗaya take nuna ba. Sai an zauna an yi ta tisawa, jagora ya kawo ɗa, 'yan karɓi su ƙara masa, a gyara, a sake, har ta zauna daram kafin a kai ta gaban sarki. Wannan aiki na mutanen da cikinsu ya ƙoshi ne, waɗanda ba sa tunanin inda cefanen gobe zai fito. Jankiɗi ya samu haka a Sakkwato, Sa'idu Faru ya samu wajen Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, Ɗanƙwairo ya samu wajen sarakunan Maradun da Sardauna da Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Su kuwa sarakunan a ina suke samu? A lokacin su ne gwamnati. Haraji da jangali ta hannunsu suke bi, alƙalai nasu, 'yan doka nasu, gidan yari nasu. Zamanin Gowon aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zo ya ƙarasa sauran. Hakimin da ya koma jiran albashi ƙarshen wata ba zai iya riƙe makaɗi da mutum 10 a bayansa ba, ko da yana so. Ɗan makaɗi da ya ga haka, ya ga kuma sa'ansa ya tafi makaranta ya dawo da aikin gwamnati, me zai zaunar da shi yana koyon karɓi?

Ga kuma maganar da Malam ya kewaye, ban san ko da gangan ba. Mu da kanmu muka mayar da kiɗa abin kunya. Muna son waƙar, muna ƙin mai ita. Mutum zai kunna Ɗanƙwairo a mota tun daga Gummi har Gusau yana gyaɗa kai, amma ɗan makaɗi ya zo neman 'yarsa sai ya ce ba ya haɗa zuri'a da maroƙa. Ta fuskar addini ma maganar tsohuwa ce a wannan ƙasa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a Zamfara kafin jihadi, kuma a Kitabul Farƙi ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe ba bisa wata manufa ta shari'a ba cikin halayen sarakunan da yake suka. A zamaninmu wa'azin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi, da na ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, ya sauya yadda dubban gidaje suke kallon kiɗa da roƙo da bidi'o'in biki. Da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999 ta fara aiki a Janairun 2000, kiɗan dare da cakuɗuwar maza da mata a dandali suka ƙara ja baya. Ban zo jayayya da malamai ba, wannan fagensu ne. Abin da nake cewa kawai, wanda ya ajiye kalangunsa ya ce ya tuba, ba sautin Yamaha ne ya sa shi ba, kuma malamin da ya yi masa wa'azi bai ware wa fiyano wani hukunci mai sauƙi ba.

Sai babbar masifar, wadda duk mai rubutu a kan Anka da Bukkuyum ba shi da uzurin tsallake ta. Kiɗan talaka wuri yake so. Gangar noma tana son gayya, kalangun dambe yana son fili bayan kaka, kiɗan 'yan mata yana son dandali da farin wata, kalankuwa tana son gari ya kwana lafiya da hatsi a rumbu, maroƙin kasuwa yana son kasuwa ta ci. Wanne ya rage a cikinsu? Manomin da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa ba zai tara gayya ya kira mai ganga ya sanar da daji cewa ga mutane sun taru ba. A watan Satumban 2021 an rufe kasuwannin mako a jihar, an katse layukan waya. A farkon Janairun 2022 an yi kwanaki ana kashe mutane a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A garin Anka, filin da aka fara gina sabuwar fadar sarki sansanin 'yan gudun hijira ya zama. Inda ya kamata a ji tambari da taushi, mata ne da yara daga ƙauyukan da aka tasa suke kwana a ciki. Malam ya dubi wannan duka, sannan ya ce ɗan akwatin roba mai aiki da batir shi ne ya hana mu jin kiɗa? Bikin da a da ake kwana bakwai ana yi, yau da hantsi ake ɗaura aure, kafin la'asar an kai amarya kowa ya kama gabansa saboda hanya. Irin wannan biki na gaggawa shi ya dace da yaro ɗaya mai fiyano da lasifika a bayan babur.

Yanzu ga shi kansa wanda ake tuhuma. Malam ya ce ba ya bukatar gwaninta. Da alama abu biyu ne suka cakuɗe masa. Akwai fiyano na asali, na katako da ƙarfe, wanda ni dai ban taɓa ganin an sauke shi a gidan biki a yankinmu ba. Wani maƙerin kayan kiɗa ɗan Italiya, Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙago shi a birnin Fulorens wajen shekarar 1700, yana aiki a gidan sarautar Medici. Shi ma, ka ga, da ubangida ya yi. Wasu daga cikin kayan kiɗan da suka riga shi fizgar waya suke yi, ko ka danna da ƙarfi ko a hankali amon ɗaya ne. Shi sai ya sa 'yar guduma ta bugi wayar ta koma da baya nan take, ta yadda nauyin yatsa shi ke yanke ƙarfin amo. Guda 3 daga cikin waɗanda ya ƙera suna nan har yau, na 1720 a Niyok, na 1722 a Rum, na 1726 a Laifzig ta Jamus. A 1825 wani Ba'amurke, Alpheus Babcock, ya fito da gangar jiki ta zubin ƙarfe, abin da ya ba da damar a ɗaure wayoyi tamau. Fiyanon yau yana da maɓallai 88, farare 52 baƙaƙe 36, da wayoyi wajen 230 waɗanda jansu in an haɗa ya kusa tan 20. Babbansa na zauren wasa ya kusa rabin tan a nauyi, kuma hunturunmu maƙiyinsa ne, domin bushewar iska tana tsaga katakon tana kwance saitin. Mai son ya ƙware a kansa tun yana ƙaramin yaro yake farawa, ya shekara goma sha yana tisawa kullum, hannun dama da aikinsa, na hagu da nasa, ƙafa tana taka nata. Wanda ya ce wannan ba gwaninta ba ce bai taɓa zama kusa da mai yi ba.

Af, tun da an kira shi baƙon Turawa, a tuna cewa Afirka ta biya kuɗinsa da tsada. Shekara da shekaru fararen maɓallan nan da hauren giwa ake lulluɓe su. Garuruwa biyu a jihar Konetikat ta Amurka, Ivoryton da Deep River, da yankan haure suka yi arziki, haure kuwa mafi yawansa daga gabashin Afirka yake fitowa ta Zanzibar, sau da yawa a kan bayi. Sai a 1989 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Baƙaƙen kuma daga wani baƙin icce ake sassaƙa su, ɗan'uwan kanyar da ke bakin fadamunmu.

Wanda muke gani a bukukuwanmu jikansa ne na lantarki. Ba waya a cikinsa, ba guduma, sautuka ne aka naɗa aka zuba masa, kuma tun wajen 1980 kamfanonin Yamaha da Casio suka fara cika kasuwannin duniya da ƙananansa masu araha. Labarin Yamaha kansa ya isa Malam ya tsaya ya yi tunani. Su ma Japanawa baƙo ne a wurinsu. Torakusu Yamaha gyaran wata molon iska ta makarantar firamare aka kira shi ya yi a garin Hamamatsu a 1887, ya buɗe cikinta ya ga yadda take, ya ce shi ma zai iya. A 1900 kamfaninsa ya ƙera fiyanonsa na farko. A 2008 kamfanin nan ya saye Bösendorfer, tsohon gidan ƙera fiyano na birnin Biyana da aka kafa tun 1828. Ba hana shi shiga gari suka yi ba, zama suka yi suka koye shi har suka fi masu shi ciniki.

A nan ne zan ba Malam gaskiyarsa, har ma in ƙara masa a kan abin da ya faɗa. Na tsaya a bayan wani yaro mai fiyano a wani biki a ƙasar Gummi ina kallon hannunsa. Ya ɗora abin a kan benci, janareta yana ta ƙugi a bayan zana. Ya liƙa 'yan guntayen salatif a kan wasu maɓallai don kada ya ɓata. Da ya tashi farawa sai ya danna wani maɓalli guda, ganguna suka kama kansu, irin waɗanda kamfani ya zuba, masu tafiya kamar agogo ba gaba ba baya. Hannun hagu yatsa ɗaya yake aiki. Hannun dama kuwa a kan baƙaƙen maɓallai kawai yake yawo, in muryar mawaƙin ta yi sama ko ƙasa sai ya latsa wani wuri na'urar ta ɗaga masa ko ta sauke, shi bai gusa ba. Yaron ba wawa ba ne. Kunnensa ne ya gano masa cewa baƙaƙen nan biyar-biyar suke tafiya, kuma yawancin karin waƙoƙinmu a kan muryoyi biyar suke zaune. Ba wanda ya koya masa, shi ya laluba. Amma a nan iliminsa ya tsaya, domin ba shi da wanda zai kai shi gaba. Can sai ga wani tsoho mai kalangu ya kutso ba gayyata, ya matse shi a hammata, ya ja tsarkiya ya saki, ya kira taken gidan uban ango. Kafin ya buɗe baki tsofaffin mata sun rangaɗa guɗa, don sun ji abin da kalangun ya faɗa.

Wannan shi ne abin da fiyano ba ya iyawa in an bar shi yadda ya fito daga kwali. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kalangu da kotso kuma an yi su ne su bi wannan hawa da saukar, shi ya sa suke magana. Fiyano an yanka masa muryoyinsa gida 12 daidai wa daida, tsakanin maɓalli da maɓalli babu komai, alhali a wannan tsakanin ne kalangu yake kiwo. Illar ta wuce nan. Da yawa cikin waƙoƙin sitidiyo karin Indiya ake fara ɗaukowa, sannan a tusa kalmomin Hausa a ciki ko sun shiga ko ba su shiga ba, sai ka ji an ja gajeren wasali an karya dogo, kalma ta fita daga kamanninta. Gangar na'ura kuma ba ta jiran mawaƙi, ba ta sassauta masa in ya zo gaɓar da yake son ya ja rai, kamar yadda makaɗan Shata suke yi masa. Mutum ɗaya ya maye gurbin mutum 10, amshin ma shi yake yi wa kansa a sitidiyo. Duk wannan hasara ce ta gaske. Amma laifin na hannun da bai koya ba ne, da al'ummar da ba ta tanadi mai koyarwa ba.

Ba mu ne farkon waɗanda suka gamu da wannan matsala ba. Indiyawan da muke kwaikwayo sun sha ta kafin mu. Turawa sun kai musu harmoniyam, ɗan akwatin nan mai maɓallai da ake hura wa iska, a ƙarni na 19. Wani mutumin Kalkata, Dwarkanath Ghose, ya sake masa fasali ya zama ana zaune a ƙasa ana hura shi da hannu ɗaya, yadda ya dace da zamansu. Manyan masana kiɗansu suka yi masa irin tuhumar da Malam yake yi yau, suka ce ba ya iya lanƙwasa murya, yana ɓata kunnen yara. Gidan rediyon ƙasar ya hana sa shi daga 1940 har 1971. Shekara 31 ana hani, da aka ɗage sai aka tarar yana kowane gida da kowane wurin ibada, kuma da shi Nusrat Fateh Ali Khan na Pakistan ya zaga duniya da waƙoƙin bege. Larabawa su ba su tsaya hani ba. Kiɗansu yana da muryoyin da ke faɗawa tsakanin maɓallai, sai wani ɗan Labanan, Abdallah Chahine, ya ƙera fiyanon da zai iya fitar da su. Yau Yamaha da kansa yana yin samfuri na musamman, PSR-A, mai maɓallan sauya saiti da gangunan Larabawa da Turkawa a ciki, yana kuma yi wa Indiya nata mai tabla. Kamfani ba don Allah ya yi ba, ya ga mutanen da suka san abin da suke so ne, suka ƙi karɓar abin da bai yi musu ba.

Ko nan kusa da mu akwai misali. A Yamai, Mamman Sani ya samu wata molon lantarki ƙirar Italiya a shekarun 1970, ya zauna ya yi ta zuba mata karin waƙoƙin gargajiyar Nijar. Abin da ya naɗa a 1978 ya daɗe yana tashi a rediyo da talabijin na ƙasar tsakanin shiri da shiri, kuma da wani kamfanin Amurka ya sake fitar da shi a 2013 sai ga shi ana gayyatarsa Turai. Wanda ya saurare shi zai ji Sahel a ciki, ba zai ji Bambai ba. A kudancin ƙasarmu marigayi Akin Euba ya kwashe rayuwarsa yana neman yadda fiyano zai yi magana irin ta gangunan Yarabawa, Joshua Uzoigwe ma ya bi wannan hanya. A Kano, Aminu Ala ya nuna cewa ana iya ɗora waƙa mai ma'auni da zurfin Hausa a kan fiyano ba ta zube ba. Da Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa Naziru Ahmad Sarkin Waƙa a 2018, me muka gani? Salon fada ne ya dawo da ƙarfinsa, da kirari da zuga da habaici, matasa suna rububinsa a waya. Inda aka samu ubangida, waƙar sarauta tana tashi ko da wane irin kayan kiɗa ne.

Batun baƙunta kuwa, Malam ya yi hattara da wannan ma'auni, don in aka bi shi fada za ta yi shiru. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya shigo da su a ƙarni na 15. Algaita ta arewacin Afirka ta biyo ayari ta zo mana. Bandiri da 'yan Ƙadiriyya ya yaɗu. Kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da shi, gwangwanin kifi ne na kanti aka rufe da fata aka ɗaura masa tsarkiya guda. Ba wanda yake kiran waɗannan baƙi yau, saboda kakanninmu sun karɓe su sun hora su har suka koyi Hausa. Fiyano bai fi shekara 30 da ɗoriya a hannunmu ba, kuma a cikin shekarun nan babu wanda ya zauna ya hora shi da gaske sai ɗaiɗaiku.

A ce ma masarautun sun ji kiran Malam sun hana. Wa zai shigo filin? Ba mai kotso ba ne, don babu mai iya biyan ƙungiyarsa, ba kuma hanyar da zai biyo cikin aminci. Mai memori da lasifika ne zai shigo, wanda ba ya kaɗa komai, sai dai ya danna waƙar da aka yi a Kano ko Legas. Mai fiyano ko ba komai yana kallon fili, yana kama sunan ango da na gwaggon amarya, yana ƙirƙirar wani abu a nan take, wato yana riƙe da wutsiyar sana'ar maroƙan da. In an kore shi an yanke wannan ɗan zaren da ya rage. Sannan a yankin da samari suka rasa gona suka rasa kasuwa, inda ramin zinariya ya jawo gubar dalmar da ta kashe yara wajen 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma a 2010, inda daji yake kiran duk wanda ya rasa abin yi, ban ga hikimar raba yaro da sana'ar da yake ci da ita ba tare da an miƙa masa wata ba.

Abin da ya kamata a roƙi Sarkin Zamfaran Anka da Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Bukkuyum ya fi hani wuya, don yana cin kuɗi. A nemo tsofaffin makaɗan da suka rage a ƙasashensu, har da waɗanda gudun hijira ya watsa cikin gari, a raya sarautun kiɗa da albashi da gona, a sa wa kowane sharaɗin ya riƙe yara yana koya musu. Jami'o'inmu sun yi aiki babba a kan matanin waƙa, littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da na Farfesa Aliyu Muhammad Bunza shaida ne, amma baiti a takarda ba ya koya wa yaro yadda ake jan tsarkiya. Kwalejin Ilimi ta Maru da Jami'ar Tarayya ta Gusau za su iya zaunar da mai kotso da mai fiyano a ɗaki ɗaya, a naɗi kowane bugu na kotso da taushi da kalangu da gangar noma da kyau, a adana, a kuma zuba su cikin na'urorin, tun da na yanzu suna karɓar sautin da ka ba su. Yaran fiyano kuma a koya musu aiki da hannu biyu da yatsu goma, a koya musu take da karin harshensu, su daina jingina da gangar kamfani. Nijar ta yi irin wannan tun 1989 da ta buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, inda kayan gargajiya da na zamani suke ƙarƙashin rufi ɗaya. Daga can ne marigayi Malam Maman Barka ya tafi bakin Tafkin Cadi ya koyi biram wajen tsohon da ya rage yana kaɗa ta, ya dawo da ita kafin ta bi shi kabari.

Malam, ka janye kiran hanin nan. Ka ɗauki alƙalamin da ka rubuta shi da shi ka rubuta wa sarakunan uku wannan bukata a madadinsa. In ka rubuta, ka aiko mini, ni ne farkon mai sa hannu.